Ranar da Piyano Ya Yi Shiru a Kunduru

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Abba ɗana, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa ka buɗe takardar nan cikin ƙoshin lafiya. Allah ya kai ka Kano lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masu tare hanya, ya saukar da kai a hannun mutanen kirki.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da naka. Ba ni da wata hanya ne. Kai ne ɗan farina, ga sunan mahaifina a kanka, ban saba zama da kai in buɗe cikina ba, kunya ba ta bari. Ga kuma abin da ya fi kunyar nauyi: shekara biyu ke nan ba abin da ke haɗa ni da kai sai ina kwana da sannu da zuwa. Ranar Asabar za ka tafi, wani situdiyo ya ɗauke ka aikin kiɗa. A bakin innarka na ji, ba a naka ba, kuma ban ga laifinka ba. Akwai maganar da na faɗa maka ranar bikin Kunduru wadda ba ka cancance ta ba. Kwana biyu da yin abin na gano gaskiya, na ɓoye ta. Ba na so ka bar gidan nan da maganar a kanka, shi ya sa na ɗauki biro da wannan hannun da hawan jini ya nauyaya, in rubuta layi biyar in huta.

Za ka sami takardar cikin jakar piyanon, don na ce a haɗa shi da kayanka. Ni da shi mun gama. Yatsuna ba sa bin umarnina kuma, shagon Kankia ma na mayar wa mai shi da makullinsa. Tunda piyano da kwamfuta za ka riƙa haɗawa kullum, zan gaya maka wuraren da na yi tuntuɓe a wannan aikin. Na san yanzu ka fi ni sanin kwamfuta nesa ba kusa ba, an ce mini ka daɗe kana koyo a wani shagon ban sani ba. Abin da nake so ka gani shi ne, abin da na yi maka ba ranar ya fara ba. Hali ne da na daɗe da shi. In na'ura ta ƙi aiki sai in ɗaga kai in nemi mutumin da zan ɗora wa laifi, maimakon in sunkuya in duba abin da hannuna ya taɓa.

Kana aji uku a firamare na buɗe shagon. Kafin nan kiɗan biki kawai nake yi, in goya piyano a babur daga Kusada in shiga ƙauyuka. Da zamani ya juya, kowace amarya tana son waƙarta da sunanta da na ƙawayenta a cikin waya, sai na sayi tsohuwar kwamfuta, na sa Sule mai kayan rediyo a kasuwar Kankia ya kawo mini wayar MIDI, mai haɗa piyano da kwamfuta, daga Kano. Irin ta da ce, mai kawuna biyu masu zagaye, ɗaya an rubuta IN, ɗaya OUT. A bayan piyano ma ga ramuka biyu da rubutu iri ɗaya. Na yi abin da na ɗauka kowane mai hankali zai yi, na sa IN a IN, OUT a OUT. Kwana uku ina danna maɓallai, kwamfuta ko gezau.

Ranar kasuwa na je na wurga masa wayar a kan tebur, ga mutane cike a gabansa.

Na ce, "Sule, tsoron Allah ya ƙare a kasuwar ga? Matacciyar waya ka saida mani."

Ya ce, "Malam Isuhu, wayar nan sabuwa ce, cikin ledarta na ba ka ita. Ka juya kawunan ka gani?"

Na ce, "In juya mi? Ni za ka koya ma karatu? Ga rubutu nan ɓaro-ɓaro."

Ya miƙo mini wayata, mutane suna kallonsa kamar ɓarawo. Bayan mako guda wani malamin sakandare, Malam Habu, ya shigo shagon yana so a ɗauki waƙar ɗalibansa. Ya leƙa bayan piyanon, ya zare kawunan ya musanya su, nan take kwamfuta ta amsa. Ya ce abin da ya fito daga bakin piyano shi ke shiga kunnen kwamfuta, ni kuwa na haɗa kunne da kunne, baki da baki, na zauna ina jiran a yi hira. Na yi dariyar yaƙe. Ban koma wurin Sule ba. Layin da nake bi a kasuwa na canza, na riƙa zagayawa ta wajen masu gyaɗa don kada mu haɗa ido, har ya tashi ya koma Katsina.

Saboda haka in ka haɗa ka ji shiru, fara da waya, kuma da bakinka a rufe. In mai kawuna biyu ce, OUT na piyano shi ke karɓar kan da aka rubuta IN. In ta zamani ce irin ta firinta, gwada wata wayar, gwada wani ramin, kada ka bi ta cikin ɗan akwatin nan mai ramuka da yawa in kana iya sa ta kai tsaye. Kunna piyano tukuna kafin ka buɗe manhajar kiɗa, don wasu manhajojin wanda suka tarar a ɗaki kaɗai suke gani, wanda ya shigo daga baya ba ruwansu da shi. Sannan ka shiga saiti ka duba ko sunan piyanon ya fito. In bai fito ba, matsalar tana waya ko tana wurin direba, wato ƴar manhajar da ake sa wa kwamfuta don ta gane piyanon. In ya fito, ɗan hasken nan yana motsi in ka danna, amma ba sauti, to saƙo yana isa, ba a dai ba shi murya ba. Kada ka manta MIDI ba ya ɗaukar sauti. Labari kawai yake kaiwa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, aka sake shi yaushe. Sai ka zaɓa masa kayan kiɗan da zai yi magana da shi. Duk wannan ba ya cin minti goma, ni kuwa na ci mutuncin mutum a kansa.

Akwai wata da har yau innarka take yi mini tsiya da ita. Wata safiya na zaɓi sautin sarewa, na danna, sai ganga ta amsa. Na danna wani maɓallin, kuge. Na danna wani, tafi. Piyano gaba ɗaya ya koma taron makaɗa. A lokacin wani abokin sana'a, Garba, ya buɗe nasa situdiyon a bakin tasha, muna ƴar tsama. Ban yi wata-wata ba na ce sammu ne. Na rufe shago, na samo hayaƙi na turara ɗakin har kwamfuta ta yi wari, na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwar Garba. Da na kawo zancen gida innarka ta dube ni ta ce, "Malam, in sammun ne ai kai za a yi ma. Mi piyano ya tare ma wani?" Ashe ni ne, ina neman inda ake ɗaga murya, na mayar da piyanon kan layi na goma. Layi goma sha shida MIDI ke bi, na goma kuwa na ganguna ne. In ka ji sautin da ba shi ka zaɓa ba, ko wani layin yana amsawa wani ya ƙi, duba layin da piyano ke aikawa da wanda manhaja ke sauraro, su zama ɗaya. Garba bai taɓa sanin abin da na zarge shi da shi ba, wannan kaɗai ne sauƙin abin.

Ta Lawai ba ta da dariya. Ba lallai ka tuna shi ba. Mutumin Mawashi ne, manomi, shi ke yi wa masu gayya waƙa a gona. Na yi shekara ashirin ina jin mawaƙa, ban ji murya irin tasa ba, in ya ɗaga ta daga wannan kunyar har ƙarshen gona ana ji. Ni na lallashe shi ya zo a ɗauki waƙoƙinsa. Ya zo da sabuwar riga, ya cire takalmi a ƙofar shago kamar zai shiga masallaci. Na sa masa abin kunne, na fara kiɗa, ya fara waƙa, sai ya riƙa sarƙewa. Muka sake, ya sake sarƙewa. Sau shida ko bakwai. Ga wasu ƴan mata a benci suna jiran a yi musu waƙar biki, sun fara ƙunshe dariya.

Ya ɗaga abin kunnen ya ce, "Malam, kiɗan ga a makare yake iso mani. Muryata ma sai ta dawo daga baya, kamar wani ke kwaikwayona."

Na ce, "Kunnenka ne a makare. Nan ba gona ba ce da za ka ja waƙa yadda ka ga dama. In ba ka iya bin kiɗa ka hwaɗi, kar ka ɓata mani yini."

Ya ajiye abin kunnen a kan kujera a hankali, ya ce, "To Allah shi ba da haƙuri, na ɗauka na iya." Ya sa takalminsa ya tafi. Ni kuma cikin fushi na goge duk abin da muka ɗauka.

Gaskiya ya faɗa. Ni a sifikar piyano nake jin kiɗana, yana fita nan take. Shi kuwa ta cikin kwamfuta yake ji, ga wani saiti da suke kira bafa na bar shi can sama, sai ta riƙe sauti ta yi jinkiri kafin ta saki. Na gano haka bayan wata biyu, ranar da na sa abin kunnen da kaina. Na ce zan je Mawashi in an gama shuka. Na ce in an gama noman farko. Na ce bayan girbi. Damina biyu bayan haka aka aiko Lawai ya rasu, ciwon kwana huɗu. Bayan sadakar arba'in babbar ƴarsa ta zo shagon da goyo a bayanta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce an ce babanta ya taɓa yin waƙa a nan, ko akwai abin da ya rage su riƙa jin muryarsa. Na ce mata kwamfutar ce ta lalace. Ta yi godiya ta tafi.

In kana ɗaukar mutum, sauko da bafa ƙasa, in ka zo haɗa waƙa ka mayar da ita sama. Sa wa na'urar sauti direbanta na ainihi, rufe duk abin da ba ka buƙata a kwamfutar. Kafin mawaƙi ya shigo, sa abin kunnen da zai sa, ka danna maɓalli ɗaya ka saurara. In ka ji tazara tsakanin yatsanka da sautin, shi ma zai ji. In mutum ya ce maka yana jin wani abu ba daidai ba, karɓi abin kunnen ka ji da naka kunnen kafin ka ba shi amsa. Kuma kada ka goge muryar kowa, ko da ta sarƙe. Ka ajiye ta a wani wuri.

Yanzu na zo kan taka. Na yi kwana ɗaya cur ban taɓa takardar ba kafin in iya ci gaba.

Ranar Alhamis ce, ina shagon ina ƙarasa waƙar amaryar Kunduru, wadda za a yi yininta ranar Asabar. Sai kowane maɓalli ya riƙa fita sau biyu, sautin ya yi kauri yana rawa. Dalilin shi ne piyano yana yin nasa sautin, kwamfuta kuma tana maido masa da saƙon yana sake yi. Maganinsa sananne ne. A cikin saitin piyano akwai wurin da aka rubuta Local, in ka kashe shi sai maɓallai su daina magana da sifikar piyanon, su riƙa aika wa kwamfuta kaɗai. Na kashe, aiki ya yi kyau, na gama waƙa, na rufe shago. Wasu piyanon in an kashe su an kunna suna komawa yadda suke. Wannan namu ba ya mantuwa, yadda ka bar shi haka za ka same shi.

Ranar Asabar aka yi rasuwa a unguwarmu, dole in zauna karɓar gaisuwa. Na ce ka je Kankia ka ɗauki piyanon ka wuce Kunduru. Ranar ce ta farko da za ka yi kiɗan biki kai kaɗai, kana da shekara goma sha tara. Na ga yadda ka goge takalminka da safe. Sauran labarin a bakin mutane na ji. An tayar da janareto, mata sun cika fili, amarya ta fito, ka kunna piyano ya kawo wuta, allonsa ya haska, ka danna, shiru. Ka canza waya, ka canza sifika, ka kashe ka kunna. Ka yi ta kirana, wayata kuwa a kashe cikin aljihu saboda zaman makoki. Ƙawayen amarya suka fara yi maka waƙar tsiya, uwar amarya ta ce an turo musu yaro ya ɓata musu taro. A ƙarshe wayar wani aka jona a sifika, kai kana tsaye a gefe kana naɗe wayoyi.

Kafin magariba ka iso Kusada, ka same ni a majalisarmu ta ƙofar shagon Malam Audu tela. Mutum takwas ko tara ne a wurin. Labarin ya riga ka isowa, dangin amarya sun kira wani a cikinmu. Ka durƙusa.

Ka ce, "Baba, piyanon ya ƙi magana. Yana kawo wuta amma ba sauti."

Na ce, "Ka yada shi a hanya."

Ka ce, "Wallahi Baba ban yada shi ba. A bayana na ɗaure shi, ko rami ban hwaɗa ba."

Na ce, "Rantsuwa kuma za ka yi mani? Shekara nawa ina yawo da shi bai taɓa yi mani haka ba, yini ɗaya a hannunka ya mutu. Hannun nan naka ba albarka cikinshi. Duk abin da ya taɓa sai ya lalace."

Malam Audu ya tsayar da kekensa ya ce, "Haba Isuhu, janye wannan. Bakin uba ne fa."

Na ce, "Ba ni janyewa."

Ka kwance piyanon daga babur, ka jingine shi a bango kusa da ni, ka shiga gida.

Ranar Litinin na kai shi shago ina shirin buɗe cikinsa. Na jona shi da kwamfuta don in gwada, sai ga sauti tas. Na zare wayar, shiru. Tun kafin in shiga saitin na riga na san abin da zan gani. Danna biyu na yi, piyano ya dawo da muryarsa. Abba, ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Tsakanin Kankia da Kusada ba wata tafiya ba ce, da na hau babur a lokacin da kafin azahar na same ka. Amma na tuna mutum tara sun ji ni, na tuna na ce ba ni janyewa. Sai na ɗaure piyanon a babur na kama hanyar Katsina. Na yi yawo a gari, na ci abinci a gidan wani abokina, na dawo da yamma na ce wa majalisa mai gyara ya buɗe ya tarar wani abu ya tsinke a ciki, alamar faɗuwa. Lafiyayyen piyano na kai Katsina na dawo da shi don ƙaryata ta samu ƙafa.

Ga shawarar, ita ce mafi sauƙi a cikinsu duka. In ka kashe Local a situdiyo, mayar da shi kafin ka zare waya. Manna takarda a jikin piyanon ka rubuta, don kai ba ya riƙe komai ranar da aiki ya yi yawa. Kafin kayan kiɗa su bar ɗaki zuwa wurin taro, raba su da kwamfuta ka danna ka ji da kunnenka. Duk ranar da na'ura ta yi maka shiru, tambayi kanka mene ne abu na ƙarshe da ka canza, kai da kanka, kafin ka tambayi wa ya taɓa. In kuma ka riga ka yi magana sannan ka gano kai ne, koma a ranar. Na gwada jira sau uku a rayuwata, kullum washegari ya fi yau wuya.

Daga ranar ba ka sake taɓa piyanon ba. Ka karɓi babur ɗin kawunka ka shiga kabu-kabu. Ina zaune a shago ina ganinka kana wucewa da fasinja, ba ka ko waiwayo. Na riƙa gaya wa kaina ƙuruciya ce, zai huce. Da ciwon nan ya kayar da ni kai ka ɗauke ni zuwa asibiti, kai ka riƙa juya ni a gado, ba ka fasa komai na haƙƙina ba, amma idonka ba ya zama a nawa. Sau biyu na buɗe baki a asibitin, sai in ce ka miƙo mini ruwa.

Makon jiya, da innarka ta gaya mini tafiyarka, na faɗa mata komai. Tana tankaɗe ta ajiye rariyar.

Ta ce, "Shekara biyu, Malam? Kana kallon yaron ga yana yawo da ita?"

Na ce, "Ga shi na hwaɗa maki."

Ta ce, "Ba ni za ka hwaɗa mawa ba. Inda ka hwaɗi waccan, can za ka kai wannan."

Ranar Laraba bayan la'asar na dogara sanda na je majalisa. Malam Audu ka san ya rasu bara, ɗansa ne a kan keken yanzu. Na ce ina da magana, na faɗe ta tun daga Alhamis ɗin har tafiyar Katsina, ban rage komai ba. Na ce ɗana bai yar da piyano ba, ni na kashe shi da hannuna, na yi masa mugun baki a banza, na kuma yi muku ƙarya. Na ɗauka ƙasa za ta tsage. Sai Alhaji Mamman ya ce, "Wane piyano kuma?" Wani ya ce shi dai ya tuna an yi wani biki da aka samu matsala. Wani ya yi dariya ya ce, "Isuhu, don wannan ka tsaida mu? Ai ya wuce." Suka koma zancen tsadar taki. Mutanen da na ji kunyarsu har na zaɓe su a kanka, ko tunawa ba su yi ba. Wanda zai tuna yana kabari. Na dawo gida na fi yadda na fita nauyi.

Kai kaɗai ka riƙe maganar, kuma na san ka riƙe ta, don na gani da idona. Daminar da ta biyo bayan bikin, ranar shuka a gonarmu ta bayan gari, innarka ta miƙa maka ƙwaryar iri. Ka mayar da hannunka baya, ka ce kai sungumi za ka riƙe, ƙannenka su zuba. Bana ma haka ka yi. Kowa ya ɗauka son aikin ƙarfi ne. Ni na san dalili. Kana tsoron ka taɓa irin gero ya ƙi fita, saboda ubanka ya ce hannunka ba albarka. Ina tsaye a bakin gona ina kallonka kana sara rami, wasu suna bin bayanka suna zubawa, na yi shiru. A duk abin da na aikata, wannan shirun ne ba na iya kallonsa.

To ka ji, da hankalina, da alwalata nake rubuta wannan. Na janye maganar. Na janye ta a gaban Allah, na janye ta a gaban mutane ko sun tuna ko ba su tuna ba. Hannunka bai lalata komai ba, ba a Kunduru ba, ba a ko'ina ba. Hannun da ya ɗauke ni ranar da na faɗi ne. Allah ya sa albarka a cikinsa, ya sa duk abin da ya taɓa ya yi kyau, kiɗa ne ko iri ko kan ƴaƴanka.

Ina roƙonka gafara, Abba. Ban saba ba, ban san yadda ake yi ba, ga shi dai na rubuta. In zuciyarka ba ta kai nan ba tukuna, kada ka ce ka yafe don kunyata, na gaji da maganar da ake yi don idon mutane. Ka ɗauki lokacinka, sai dai ka san likita bai yi mini alkawarin lokaci mai yawa ba. In ruwa ya sauka ka samu hali ka zo gida kwana biyu. Na ware damin gero mafi kyau na bana don iri, na ce kada kowa ya taɓa shi. In ina nan, ni zan miƙa maka ƙwaryar. In ba na nan, ka karɓa a hannun innarka ka zuba.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka riƙa kiran innarka, ita ba ta yi maka komai ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da mugun ji da mugun gani, ya ba ka abokan aiki masu haƙuri, ya hana bakinka abin da ya fito daga nawa. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Isuhu, Kusada.